Kifin salmon don abincin dare: me ke sa shi bushewa, fatarsa ta manne a kasko?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai gunduwa huɗu ta kifin salmon a firiza, masu fata, kowace ta kai tafin hannu, ana so a ci gobe da dare. Don Allah masu sani a taimaka, tun daga narkar da shi har zuwa sauke shi. Kukan da ake yawan yi da shi ke nan: ya bushe, ya fito da wani farin abu a jiki, fatar kuma ta manne a kasko. Gas ne da kasko, akwai oben amma wuta babu tabbas.

Alhaji Mai Ɗakin Sanyi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a kai ga kasko a fara duba kifin tukuna. Salmon kifin ruwan sanyi ne, ba a kama shi a ruwanmu. Mafi yawan wanda ke shigowa Legas na kiwo ne, ana renonsa cikin keji a gaɓar tekun Norwe, wani kuma daga Sukotilan ko Cile. Tafiyar da nisa, don haka abin tambaya shi ne ko ya narke ya sake daskarewa a hanya. Ɗauko ledar ki duba a haske. In kika ga ƙanƙara mai ruwan hoda ta taru a kusurwa ɗaya, ruwan jikin kifin ne ya tsiyaye sannan ya sake kamewa. In gefen naman ya yi fari busasshe, iskar firiza ce ta ƙona shi, ana iya ci amma a yanke wurin a zubar. In fararen layukan kitsen sun koma rawaya, man ya fara lalacewa, kuma duk citta da tafarnuwar Mile 12 ba za su ɓoye wannan ɗacin ba.

Narkarwa kuma, yau da dare ki fito da shi daga ledar kamfani, ki jera a faranti, ki sa tishu a ƙarƙashi, ki rufe, ki ajiye a can ƙasan firij. Awa 10 zuwa 12 ya isa gunduwa mai kaurin yatsu biyu. In kin san unguwarku ana kwana babu wuta, bar shi a firiza kada a riƙa buɗewa, gobe da la'asar ki sa shi a wata ledar ki ɗaure, ki nutsa a roba cikin ruwan sanyi, minti 40 zuwa awa ɗaya, ki sauya ruwan a tsakiya. Ruwan tanki da rana ta buga duk yini ba ruwan sanyi ba ne, sai an jefa ƙanƙara a ciki.

Anti Nas: Alhaji ya ce a cire daga ledar kamfani, bari in faɗi dalili don kada a ɗauka tsirfa ce. Ledar nan da aka zuƙe iskarta, in kifi ya narke a ciki kuma zafinsa ya haura digiri 3 na ma'aunin Celsius, akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ke girma inda babu iska, gubarta kuma ba ta sauya wari ko kamannin kifin. Firij ɗinmu da ake ɗauke wa wuta ana kawowa ba ya tsayawa a ƙasa da digiri 3. Ko huda ledar aka yi iska ta shiga, an rage haɗarin. Kuma kada a bar shi a kan teburin kicin tun safe wai ya huce da kansa, waje zai yi ɗumi ciki yana ƙanƙara.

Baban Sadik: To sai wanki. A zuba ruwan zafi, a matse lemun tsami uku, a cuɗa da gishiri, ƙarnin ya fita. Ai haka ake yi wa kowane kifi.

Hajiya Babba: A'a Baban Sadik, wannan wankin tarwaɗa ne, ita ce mai yauƙi da ke buƙatar ruwan zafi ko toka. Salmon namansa laushi ne da shi, ruwan zafi zai dafa bayansa tun bai ga kasko ba, lemun tsami kuma in ya daɗe a jiki zai mai da shi fari, ya riƙa dagargajewa a wuta. Abin da yake so kaɗan ne. A bi fatar da bakin wuƙa daga wutsiya zuwa kai a kankare ɓawon da ya rage, domin sau da yawa ba a gama cirewa. A ɗauraye da ruwan sanyi sau ɗaya, a tsane.

Sai ƙaya. Maman Iman 'yata, shafa yatsa a tsakiyar naman, za ki ji kan wasu ƙananan ƙayoyi a jere suna sukar ki. Ki ɗora gunduwar a bayan kwano da aka kife don su ɗago, ki kama da hantsaki ki ja a hankali ta inda suka karkata. In kika fizga ta baya za ki yaga naman. Gunduwar da ta fito daga wajen wutsiya ba ta da su, shi ya sa ita ake ba yara. Lemun tsami yana nan, amma wurinsa faranti, bayan an sauke.

In kifin yana ƙarnin da sai an yi masa wankin lemo uku, to matsalar tun daga wajen saye take.

Kuku Ɗanlami: Ranki ya daɗe Hajiya, kin share hanya. Ga suyar kasko dalla-dalla, da lissafin gunduwa mai nauyin giram 170 zuwa 200, kauri santimita 2 da rabi zuwa 3.

Abu na farko bushewar fata. A danna tishu ciki da baya har ya daina jiƙewa. In da lokaci, a mayar da shi firij a buɗe, fata tana sama, na minti 30. Ruwan da ya rage a fata shi ne ke zama tururi, shi ke hana ta yin ƙaras-ƙaras, shi ke sa mai ya yi ta fantsama.

Gishiri: sulusin ƙaramin cokali ga kowace gunduwa, a raba ciki da baya, da ɗan masoro a gefen naman kawai. A sa shi daf da za a jefa a kasko. In aka barbaɗa aka tafi minti 10, gishirin zai jawo ruwa waje, sai an sake gogewa.

Kasko mai kauri ake so, na ƙarfe ko wanda abu ba ya kamawa. Siririn kaskon alminiyam yana zafi a tsakiya gefe da sanyi, tsakiyar fatar za ta ƙone gefen yana ɗanye. A ɗora a wuta matsakaiciya zuwa sama na minti 2, a zuba man gyaɗa babban cokali ɗaya, a jira ya fara sheƙi yana gudu a kaskon. Kada a bari ya yi hayaƙi. A kwantar da kifin fata a ƙasa, ana sakin sa zuwa can nesa da jiki saboda mai. Nan take fatar za ta takure, gunduwar ta gantsare, tsakiyarta ta ɗaga daga kasko. A danna da faffaɗan cokali na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta kwanta. Sai a rage wuta zuwa matsakaiciya.

Daga nan hannu ya huta. Kada a taɓa, kada a leƙa ƙarƙashi. A duba gefen gunduwar: launin zai riƙa sauyawa daga ja mai sheƙi zuwa ruwan hoda mai dishi-dishi, yana hawa daga ƙasa zuwa sama. In ya hau kashi biyu cikin uku, wato wajen minti 5 zuwa 6, a zura cokali. In fatar ta saki da kanta ta yi. In ta riƙe, a ƙara mata rabin minti, za ta saki. Yawancin fatar da ke mannewa gaggawar juyawa ce ta jawo, ko kuma an sa kifin kaskon bai yi zafi ba.

A juya, minti 1 zuwa 2 a ɗaya gefen, a kwashe, a ajiye fata tana sama don kada tururi ya jiƙa ta. A bar shi minti 3 kafin a kai tebur, zafin da ke jikinsa zai ƙarasa tsakiyar. Duka aikin bai kai minti 10 a wuta ba.

Baban Sadik: Minti 8? Malam Ɗanlami wannan ai ɗanyen kifi za a ba iyali. Mu da muka san kifi sai ya soyu ya yi ja, an ji ƙaras har ciki. Abincin otal daban, na gida daban.

Kuku Ɗanlami: Yallaɓai, wancan suyar ta taitus ce da kote da fanla, waɗanda ake tsoma su cikin mai mai yawa sannan a jefa a miya su sake shan ruwa. Salmon a ɗauke shi kamar ƙwai, minti biyu ne tsakanin ya nuna da ya wuce. Da zarar zafin cikinsa ya haura digiri 60 da wani abu, naman yana matsewa ya tatso ruwansa waje. Farin abin nan da Maman Iman ta ambata furotin ne da ke cikin ruwan, ya fito ya daskare a sama. Ba ya cutarwa, ana iya gogewa, amma in ya yi yawa alama ce wuta ta yi ƙarfi ko an daɗe. Mutum ya sayi kifi da tsadar dala ya soya shi minti 20, abin da zai samu bai kai daɗin taitus ba.

Anti Nas: A nan zan tsaya tsakiya, amma na fi karkata wajen Baban Sadik kaɗan. Masu dafa abinci a manyan otal suna sauke shi a digiri 50 zuwa 52, tsakiyar tana sheƙi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma digiri 63 ta ce ga kifi. Wanda ya san tarihin kifinsa tun daga jirgi har firij ɗinsa, ya zaɓi abin da yake so. Amma kifin da ya ratsa tashar jiragen ruwa, ya zauna a ɗakin sanyin da janareto ke riƙe da shi, ya sha gosulo a but ɗin mota, ban ga dalilin cin sa da ɗanyen ciki ba. Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya, nasu ya kai 63 ba ciniki.

Kuma 63 ba bushewa ba ce. A sauke shi ma'aunin zafi yana nuna 58 ko 59, a rufe sama-sama, cikin minti 3 zai ƙarasa hawa. Ma'aunin nan mai tsinke ana samun sa a kantunan kayan kicin, a soka shi ta gefe zuwa tsakiyar wuri mafi kauri, kada ya taɓa kasko.

Hajiya Babba: Wanda ba shi da ma'auni ya yi da wuƙa. A soka bakin siririyar wuƙa a tsakiya a ƙirga biyar, a zaro a taɓa a bayan hannu. In da sanyi bai yi ba, in da ɗumi sosai ya yi, in ta ƙona ki an wuce. Ko a danna saman da cokali mai yatsu: in naman ya rabu sala-sala ta kan fararen layukan nan ba tare da gardama ba, kuma cikin ya daina sheƙin ɗanye amma yana da laima, a sauke.

Maganin farin abin kuma akwai. Ruwan sanyi lita ɗaya, gishiri babban cokali 4, a narkar, a tsoma kifin minti 10 zuwa 15, a ɗauraye, a tsane sosai. Yana rage fitowarsa, kuma gishirin yana shiga har ciki. Sai dai in an yi haka kada a ƙara wani gishirin, kada a sa magi.

Uwargida Idi-Araba: Hajiya ni tambayata kayan haɗi. Gishiri da masoro kawai maigida ba zai ce an yi girki ba. Ba a sa kori da tayim da magi da attaruhu a bar shi ya kwana?

Hajiya Babba: Ƙanwata ana sa kayan haɗi, lokacin sawa ne ake lura da shi. Jajjagen albasa da attaruhu in aka shafa a fata aka sa a kasko mai zafi, kayan za su ƙone su yi baƙi kafin kifin ya nuna, ruwansu kuma ya hana fatar soyuwa. Kwana cikin haɗi ma bai dace da shi ba, minti 20 zuwa 30 ya isa, kuma a gefen naman kawai.

Abin da ya fi, a soya kifin da gishirinsa, a yi masa romo daban. Bayan an kwashe shi, a tsiyaye man kaskon a bar cokali ɗaya, a rage wuta, a sa tafarnuwa 3 da aka daka, citta ɗanya ƙaramin cokali, rabin attaruhu, a juya daƙiƙa 30. A zuba ruwan tsamiya mai kauri babban cokali 3, zuma cokali ɗaya, ruwa cokali 2. Minti 2 zai yi kauri. A zuba a gefen kifin ko a ƙarƙashinsa, kada a kwarara a kan fatar da aka sha wahalar soyawa. Kifin mai maiƙo ne, tsami yake nema, tsamiya kuwa ta fi lemo zama a baki. Magi in dole ne, rabin ƙaramin dunƙule a cikin romon ya isa gunduwa huɗu. Kori ni ban ga abin da yake ƙara masa ba, rufe ɗanɗanon yake yi.

Kuku Ɗanlami: Ƙari kan na Hajiya: man shanu soyayye yana tafiya da shi ƙwarai. Bayan an juya kifin, a jefa cokali ɗaya da tafarnuwa da aka fasa, a karkata kaskon a riƙa ɗiba ana zubawa a gefensa. Bota ta kanti kada a fara suya da ita, madarar cikinta tana ƙonewa. Manja kuma a bar shi ga miya. Man gyaɗa na gargajiya mai ƙamshin ƙuli yana saurin hayaƙi fiye da tataccen na galan, in shi ne a hannu a ɗan rage wuta.

Wani abin lura, irin girke-girken da ake gani a intanet suna zuba giya a romon, wasu kwalaben miyar Japan da ake shafa wa salmon ma akwai giyar shinkafa a ciki. A karanta bayan kwalba. Ruwan lemo da ɗan romon kifi suna yin aikin.

Baban Sadik: To gashi fa? In an sa yajin tsire a kan garwashi ai an gama magana.

Kuku Ɗanlami: Yana yi sosai, amma da sharaɗi biyu. Yaji akwai ƙuli-ƙuli a ciki, ƙuli kuma yana ƙonewa ya yi ɗaci. A shafa mai da gishiri a gasa, sai saura minti 2 a barbaɗa yajin, a ƙara wani a faranti. Na biyu, kitsen salmon yana ɗiga a garwashi wuta ta tashi, ta bar baƙin hayaƙi a jikin kifin. A jira gawayin ya yi toka-toka babu harshen wuta, a tara shi gefe ɗaya don a samu inda za a janye kifin in wuta ta taso. Ragar a kankare ta tas, ta yi zafi, a goge ta da tsumma mai mai. Fata a ƙasa minti 6, a juya sau ɗaya, minti 2. Ragar nan mai rufewa biyu da masu gasa kifi ke amfani da ita ta fi sauƙi, ita ake juyawa ba kifin ba.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri. In aka yi sa'a akwai wuta, oben ɗin fa?

Hajiya Babba: Oben ya fi sauƙi ga gunduwa huɗu, sai dai ba za ki samu fata mai ƙaras ba. Ki kunna shi ya yi zafi minti 15 kafin ki sa, digiri 200, in na gas ne mai lamba wajen lamba 6. Shimfiɗa foyil a tire, shafa mai, jera su da tazara, fata a ƙasa. Minti 10 zuwa 12. Fara dubawa tun a minti 9, domin kowane oben da halinsa. In akwai gunduwar wutsiya siririya, ki naɗe siririn bakin a ƙarƙashinta ko ki fitar da ita minti 3 kafin sauran. Mai haƙuri ya sa a digiri 130 na minti 20 zuwa 25, ya fi laushi kuma farin abin kusan ba ya fitowa, amma in aka ɗauke wuta a tsakiya an shiga uku.

Tukunyar suya da iska kuma digiri 190, minti 7 zuwa 9, ba a juyawa.

Ga wata hanyar da ba ruwanta da wuta. Ganyen nan da ake naɗe alale da shi, wanda ake samu a Oyingbo da kusan kowace kasuwa a nan, a wanke, a shimfiɗa yankakkiyar albasa da tattasai da lawashi, a ɗora kifin, a sa gishiri da citta da ɗigon mai, a naɗe, a jera a madambaci ruwa yana tafasa. Minti 12. Wannan da wuya ya bushe, kuma gida ba ya ɗaukar ƙarni. Ga tsoho ko mara lafiya ita zan zaɓa.

Uwargida Idi-Araba: Wai da gaske ne fenti ake sa masa ya yi jan nan?

Alhaji Mai Ɗakin Sanyi: Ba fenti ake shafawa ba Hajiya. Na teku yana samun launin daga ƙananan jatan lande da yake ci, akwai wani sinadari a jikinsu mai suna astaxanthin. Na kiwo kuma ana haɗa sinadarin cikin abincinsa, in ba haka ba namansa zai fito fari-fari. Don haka ja sosai ba shi ke nuna ya fi kyau ba.

Abin da ya fi amfani a duba shi ne rubutun kwali. In an rubuta Salmo salar, na Atilantika ne, mai kitse, shi ne lissafin Malam Ɗanlami ya dace da shi. Akwai na tekun Fasifik da ake kamowa a wajen Alaska, musamman mai arahar cikinsu, namansa ya fi haske, ya fi siranta, kitsensa kaɗan. Wannan a rage masa minti 2, don ya fi saurin bushewa. A kuma duba nauyi, domin daskararren kifi ana lulluɓe shi da ƙanƙara don kare shi, wani kwalin yana nuna nauyin kifin bayan an cire ta, wani mai sayarwar kuma da ƙanƙarar zai auna miki.

Masu sayowa daga manyan kantunan Lekki ko Ikoyi su taho Agege, a riƙe kula da ƙanƙara a mota, kuma kifi ya zama abin ƙarshe da za a ɗauka. Gadar Third Mainland da yamma ba ta da alƙawari.

Baban Sadik: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, in don lafiyar zuciya ake ci, taitus ma yana da man nan na omega-3 da ake magana, kuma kuɗin gunduwa ɗaya ta salmon zai ciyar da gida.

Anti Nas: Wannan kam gaskiyarka Baban Sadik. Taitus na gaske yana da omega-3 da bai gaza na salmon ba, shawa da sardin ma suna da shi. Wanda likita ya ce ya riƙa cin kifi mai mai, ba sai ya je Lekki ba. Salmon marmari ne.

Tunda ana maganar kanti, akwai wanda ake sayarwa yankakke siriri-siriri a faffaɗar leda, an rubuta an yi masa hayaƙi. Kada a ɗauka banda ce irin tamu. Hayaƙin sanyi ne, kifin bai dahu ba, gishiri ne da ƙamshin hayaƙi kawai. Mai ciki kada ta ci sai an dafa shi ya yi zafi har ciki, saboda ƙwayar listeriya da ke iya rayuwa a firij. Kuma ba shi ake soyawa a matsayin kifin dare ba, gishirinsa ya yi yawa.

Alhaji Mai Ɗakin Sanyi: Mai son ɗanɗanon da kuɗi kaɗan ya tambayi kai da ƙashin baya da tumbi a inda ake feɗe shi. Sun fi araha nesa, kuma nan kitsen yake.

Hajiya Babba: Yauwa Alhaji, farfesun kan salmon ba ƙarya. A raba kan biyu, a cire jajayen abin numfashin nan da ke ƙarƙashin murfin kunne gaba ɗaya, a wanke jinin da ke manne a ƙashin baya, su ne ke kawo ɗaci da duhun romo. Kai biyu, ruwa lita ɗaya da rabi. A fara tafasa ruwan da albasa, attaruhu 2, citta, tafarnuwa, kimba ɗaya da aka fasa, masoro, kanumfari 3, ɗan daddawa, na minti 10 kayan su saki. Sannan a sa kan, a rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali minti 12 zuwa 15. Tumbin a sa shi saura minti 5. Ba a juyawa da ludayi, tukunyar ake girgizawa. Mai zai taso da yawa, a kwashe rabi. Daddoya a ƙarshe, bayan an kashe wuta.

Haka in miyar tumatir ake so. A gama soya miyar tsaf har mai ya taso, a kwantar da gunduwar ɗanya a kai, a ɗiba miya a rufa mata, a rufe tukunya, ƙaramar wuta minti 7 zuwa 8. Ba sai an fara soya kifin ba, in aka soya aka kuma dafa an yi masa wuta biyu.

Maman Iman: Da me ya fi tafiya? Ina tunanin dafa-duka da soyayyar ayaba.

Kuku Ɗanlami: Zai yi, amma mai ya haɗu da mai. In da dafa-duka, a bar ayabar, a yi ɗan kwaɗon kabeji da kokwamba da tumatir da lemun tsami. Farar shinkafa, kuskus, ko dankalin Jos da aka dafa aka ɗan gasa sun fi barin kifin ya fito. Alayyafo da aka ɗan soya da albasa minti 3 ma yana yi. Babban abin shi ne jeri: komai ya sauka, an shimfiɗa ledar cin abinci, mutane sun dawo daga masallaci, sannan a ɗora kasko. In aka soya tun kafin magariba aka zuba a kula aka rufe, tururi zai ci gaba da dafa shi, fatar ta yi laƙwas.

Anti Nas: In ya rage, a sa a firij cikin awa ɗaya, zafin Legas ba ya ba da awa biyun da ake faɗa a ƙasashen sanyi. A cinye cikin kwana 2, in wuta ta yi wasa a cinye washegari. Wanda aka narkar kuma aka fasa dafawa, in a ruwa aka narkar da shi kada a mayar firiza, a dafa shi tukuna.

Hajiya Babba: Ɗumame a kasko da ruwa cokali 2, a rufe, ƙaramar wuta har ya yi zafi ciki. Ko a farfasa shi a zuba a soyayyen ƙwai da safe, a ƙarshen suyar.

Maman Iman: Tambaya ta ƙarshe Malam Ɗanlami, kaskona ba babba ba ne. In jera huɗun gaba ɗaya?

Kuku Ɗanlami: Bibbiyu Hajiya. In suka matsu zafin kaskon zai faɗi, su fara tsatso ruwa, suya ta koma dahuwa. A bar tazarar yatsu biyu tsakaninsu. A fara da masu kaurin, in sun sauka a ajiye su a faranti mai ɗumi, fata a sama, a ɗora foyil sama-sama ba a liƙe ba. Kafin zagaye na biyu a tsiyaye tsohon man, a goge baƙin da ya rage da tishu, a zuba sabo cokali ɗaya, a jira ya sake sheƙi. Na biyun za su fi saurin nuna da kamar rabin minti, don kaskon ya riga ya ɗau zafi.